Malam, Ga Aikin Gida: Tambayoyin da Ɗalibai da Iyaye Suka Fi Yi Mini a Jos

Ni malamin Hausa ne a wata sakandare a nan Jos. Da yamma kuma, tsakanin Magariba da Isha, yaran unguwarmu ta Anguwan Rogo kan cika zauren gidanmu da littattafansu, kowa da jingar da aka ba shi a makaranta. Da adabi muka fara, amma yaro ba ya zuwa da darasi ɗaya, don haka a hankali lissafi da labarin ƙasa da tarihi duk suka shigo zauren. Na lura tambayoyin nan su ne dai suke ta dawowa kowace shekara, fuskoki kawai ke sauyawa. Shi ya sa na tattara su a nan tare da amsar da nakan bayar.

Malam, za ka yi mini aikin ne in kwafe, ko nuna mini za ka yi?

Nuna maka zan yi, ɗana. In na rubuta maka, malaminka zai ba ni maki goma bisa goma, kai kuma ka shiga jarrabawa hannu rabbana. Abin da nake yi shi ne in ɗauko tambaya mai kama da taka mu warware ta tare, sannan ka koma gefe ka yi taka, in duba. Wasu kan yi fushi su tafi. Yawancinsu suna dawowa bayan gwajin farko.

An ce in fito da jigon littafi. Mene ne jigo, kuma me ya raba shi da labarin?

Nan ne ɗalibai suka fi zubar da maki, don haka bari in ɗan daɗe a kai.

Labari shi ne abin da ya faru: wane ya tafi, wance ta ce, aka yi kaza. Jigo kuwa shi ne saƙon da marubuci yake son isarwa da wannan labarin, abin da ya sa ya ɗauki alƙalami tun farko. Ɗauki tatsuniyar Gizo da hankaki. Hankaki sun tausaya masa, kowanne ya ba shi gashi guda ya yi fiffike, suka tafi da shi cin ɓaure a tsakiyar ruwa. Da isarsu Gizo ya riƙa cewa kowane ɓaure nasa ne, shi ya fara gani. Suka fusata, kowa ya zare gashinsa, suka bar shi a kan bishiya. Idan ka rubuta wannan duka, labari ka ba da. Idan aka ce ka faɗi jigo, kalma biyu ko uku sun isa: illar zari, ko kwaɗayi mabuɗin wahala.

Amma faɗin jigo kaɗai rabin aiki ne. Saura warwarar jigo, wato ka koma cikin littafin ka zaƙulo wuraren da suka tabbatar da maganarka. A ina zarin Gizo ya fara bayyana? Me ya ce? Me ya jawo masa? Mai duba takarda hujja yake nema, ba ya neman wa'azi. Na sha ganin ɗalibi ya cika shafi biyu yana bayanin cewa kwaɗayi haramun ne, har da ayoyi, bai ambaci sunan tauraro, wato ɗan cikin labarin, ko ɗaya ba. Maganarsa gaskiya ce, amma ba ita aka tambaye shi ba.

Ka kuma sani littafi yana da babban jigo da ƙananan jigogi. Babban shi ne wanda ya ratsa daga farko har ƙarshe. Ƙananan su ne masu leƙowa a babi ɗaya ko biyu, kamar taimakon juna da hankaki suka nuna. Dabarar da nake koya wa yara ita ce su tambayi kansu: in na cire wannan saƙon, labarin zai tsaya da ƙafarsa? In zai rushe, to shi ne babban jigo.

Ban karanta littafin ba, amma na sayi ɗan littafin taƙaitawa a kasuwa. Ya isa?

Bai isa ba. Ƙananan littattafan nan da ake sayarwa wajen Taminus suna da amfani ga wanda ya riga ya karanta, yana son tuni. Wanda bai karanta ba, suna ba shi ƙashi ne babu tsoka. Da zarar an kawo maka wani yanki aka ce wa ya faɗi wannan magana, wa aka faɗa wa, a ina, sai ka yi tsuru-tsuru. Littattafan zube na Hausa, wato na labari, da ake sa wa a jarrabawa ba su da wani kauri. Shafi goma a rana, kafin wata ya ƙare ka sauke.

Yaya ake nazarin rubutacciyar waƙa? Ni kalmomin ne ke rikita ni.

Kalmomin ba su da yawa, tsoronsu ake ji. Layi ɗaya na waƙa shi ne ɗango. Ɗangwaye in sun haɗu rukuni guda sun zama baiti. Waƙar da kowane baitinta ke da ɗango biyu ita ce 'yar ƙwar biyu, haka ake lissafawa har zuwa 'yar ƙwar biyar. Mai ɗango ɗaya tilo ana ce mata gwauruwa. Ga wasu baitoci biyu da na haɗa wa yaran zaure don misali kawai, ban auna su da wani karin waƙa ba:

Hunturu ya iso garinmu da dare,
Ya ƙwanƙwasa ƙofa babu sallama.

Kowa ya dunƙule kamar bushiya,
Mai shayi kaɗai ke ta hidima.

Dubi ƙarshen kowane baiti: sallama, hidima. Wannan gaɓar "ma" da ke maimaituwa ita ce babban amsa-amo, wasu na ce masa amsa-amon waje. In ɗangwayen cikin baiti suna ƙarewa da sauti iri ɗaya a tsakaninsu, wannan ƙaramin amsa-amo ke nan.

Sai adon harshe. "Kamar bushiya" kamance ne, alamarsa kalmomi irin su kamar, tamkar, awa, ya fi. Da cewa na yi "kowa bushiya ne", kai tsaye, ya zama siffantawa. Hunturu kuma ba shi da hannun ƙwanƙwasa ƙofa, an ba shi halin mutum, wannan mutuntarwa ce. In aka ba mutum halin dabba, dabbantarwa. In mawaƙi ya ce sanyin Jos ya daskarar da tuwo a cikin tukunya tana kan wuta, ya yi kambamar zulaƙe. Kada ka tsaya ga kiran sunan adon. Ƙara jimla ɗaya da ke cewa me ya sa mawaƙin ya zaɓe shi: bushiya tana naɗe jikinta ta ɓoye kai, haka mutum ke yi cikin bargo. Wannan jimlar ita ke raba mai C da mai A.

Ka duba mabuɗi da marufi ma. Yawancin rubutattun waƙoƙinmu suna buɗewa da sunan Allah da salati, su rufe da godiya, wani lokaci mawaƙin ya saka sunansa ko shekarar da ya rubuta a baitocin ƙarshe.

An tambaye mu yadda aka fara rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Me zan ce?

Ka fara da gasar da aka shirya a 1933 ƙarƙashin Dokta Rupert East na Hukumar Talifi da ke Zariya. Daga cikinta aka samu littattafai biyar da aka fara bugawa daga 1934: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida tare da East ɗin. A Janairun 1939 kuma jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa, Abubakar Imam ne editanta.

Akwai rami a tambayar nan. Ɗalibai da yawa kan rubuta cewa da zuwan Turawa Hausawa suka fara rubutu. Kuskure ne. Tun kafin boko ana rubuta Hausa da ajami, kuma waƙoƙin masu jihadi na ƙarni na 19, irin na Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, suna nan har yau. Abin da 1933 ta kawo shi ne ƙagaggen labari da rubutun boko.

Hausa harshena ne, da shi na tashi. Me ya sa nake faɗuwa a cikinsa?

Don jarrabawa ba hira take aunawa ba, 'yata, rubutu take aunawa, rubutu kuma yana da ƙa'ida. Abu uku ne ke cinye makin yaran Jos.

Na farko raba kalma da haɗe ta. Waya ta ɓata mana hannu: yazo, shine, agida, zamu. Daidai shi ne ya zo, shi ne, a gida, za mu. Amma gajeriyar mallaka haɗe take: littafina, gidansu, jakarta. Ɗalibi sai ya juya abin, ya raba na haɗewa ya haɗe na rabawa.

Na biyu baƙaƙe masu ƙugiya. Kafa da ƙafa ba ɗaya ba ne, haka baki da baƙi, kare da ƙare. Wata rana wani yaro ya so ya rubuta cewa abinci ya ƙare, ƙugiya ta ɓace, ajin duka ya yi ta dariya har aka tashi.

Na uku jinsi, wanda shi ne namu na gida. Jos gari ne da Hausa ta zama harshen kasuwa da mota tsakanin ƙabilu da yawa, kuma a Hausar titi jinsi yakan faɗi: "mota na ya lalace", "yarinya ya zo". Kowa ya gane, ciniki ya faɗa, ba wanda ya yi laifi. Amma daidaitacciyar Hausa, wadda aka gina bisa karin harshen Kano, tana son "motata ta lalace", "yarinya ta zo". Ko yaran da iyayensu Hausawa ne gaba da baya suna kwaso wannan a waje ba su sani ba. Maganinsa karatu da ƙarfi. Ki karanta insha'inki a bayyane gaban kakarki, za ki ga inda take yamutsa fuska.

An ce mu kawo karin magana goma da ma'anarsu.

Wannan ba aikin waya ba ne, aikin tsakar gida ne. Zauna kusa da Inna ko Kaka rabin sa'a da biro. Sharaɗi ɗaya: kowace ka rubuta lokacin da ake faɗinta. "Gaba ta kai ni, gobarar Titi a Jos" ana faɗinta ne idan abin da aka ɗauka asara ya juye ya zama alheri. Tunda sunan garinmu na ciki, sa ta a farko.

Ni adabin Turanci nake yi. Dabarun nan za su yi mini aiki?

Ƙwarai. Jigo jigo ne, tauraro tauraro ne, harshe kawai ya sauya. Hanyar amsa ma ɗaya ce: faɗi maganarka, kawo hujja daga littafin, bayyana yadda hujjar ta tabbatar da maganar. Abin da zan ja kunnenka a kai shi ne WAEC tana sauya jerin littattafan adabin Turanci duk shekara biyar. An yi zangon 2021 zuwa 2025, sai na 2026 zuwa 2030. Kada ka gaji littattafan yayanka ka rufe ido kana hadda, tambayi malaminka jerin shekararka. A kowane zango kuma akwai wasan Shakespeare guda, wanda ake yi wa tambayoyin wa ya faɗa, wa aka faɗa wa. Mai son karanta lauya a jami'a kuwa, darasin nan ba na wasa ba ne gare shi, ana neman kiredit, wato sakamako daga A1 zuwa C6, a ciki.

Me zai hana in tambayi waya kawai? Manhaja tana ba da amsa nan take.

Ban hana ba, ni ma ina amfani da ita. Don neman ma'anar kalmar Turanci, ko a sake maka bayanin wata ƙa'idar lissafi ta hanya ta biyu, tana da kyau. A kan adabin Hausa kuwa ka yi hattara. Manhajojin nan irin su ChatGPT ba su ƙoshi da littattafanmu ba, kuma in ba su sani ba ba sa yin shiru. Wani ɗalibina ya taɓa kawo mini nazarin taurarin wani littafi, rubutu tsaf, sakin layi biyar. Cikin taurari huɗu da ya lissafa, biyu babu su a littafin ko a shafi ɗaya. Na ce ya nuna mini inda suka fito. Ya yi ta buɗe shafuka har aka kira Isha.

Don haka duk abin da waya ta faɗa maka game da littafi, nemo shafin. In ba ka same shi ba, kada ka rubuta.

Lissafi: na iya in an ba ni lambobi, amma in an sa shi cikin labari sai in ɓace.

Matsalarka Turanci ce, ba lissafi ba. Fassara tambayar da Hausa tukuna, kamar kana ba ƙaninka labari. A ce mai kayan gwari a Farin Gada ya sayi buhun dankalin Turawa naira 40,000, ya sayar 46,000, riba kashi nawa cikin ɗari? Ribar 6,000 ce, wannan kowa ya gani. Inda ake zamewa shi ne da me za a raba. Ana auna riba da uwar kuɗi, wato abin da ya fitar daga aljihunsa. 6,000 a raba da 40,000, a ninka da 100, kashi 15 ke nan. Wanda ya raba da 46,000 zai samu 13 da ɗoriya, kuma sau da yawa za ka tarar an ajiye wannan amsar cikin zaɓi tana jiran mai gaggawa.

Ka nuna aikinka layi-layi. A sashen da ake rubuta amsa, ana ba da maki a kan hanya ko da amsar ƙarshe ta kauce. Mai rubuta amsa tsirara, in ta kuskure, ya tashi a tutar babu.

Kimiyya da labarin ƙasa haddacewa kawai nake yi, ba na ganewa.

Kai da kake zaune a Jos? Rabin misalan littafin suna bayan gidanku. Garin nan yana kan tudu mai tsawon kimanin mita 1,200 daga saman teku. Ƙa'ida ita ce duk mita 1,000 da aka hau, zafi na raguwa da wajen digiri 6.5. Shi ya sa mai zuwa daga Bauchi ko Lafiya yake neman rigar sanyi da ya iso. Saboda tsawon nan kuma nauyin iska ya ragu, ruwa a nan yana tafasa ne wajen digiri 96, bai kai 100 da ke cikin littafi ba, wancan na bakin teku ne. Kogin Kaduna da Gongola duk daga tsaunukan Filato suka taso. Kuza, wadda ta tara kakanninmu a Gangare da Dilimi, ita ce Sn a teburin sinadarai, lamba 50. Manyan kududdufan da kake gani wajen Bukuru da Rayfil ramukan haƙar ta ne da ruwa ya cika, don haka in an ce ka kawo illar haƙar ma'adinai ga muhalli, ba sai ka ari misali daga wata ƙasa ba.

Shekarun tarihi ba sa zama a kaina.

Ɗaura su a igiya ɗaya, kada ka watsa su. Ɗauki jiharka: an haɗe Kudu da Arewa a 1914, mulkin kai 1960, Jihar Binuwai-Filato 1967, Filato ita kaɗai 1976, aka cire Nasarawa daga cikinta 1996. Ka kuma je Gidan Tarihi na Jos wata Asabar. An buɗe shi a 1952 ta hannun Bernard Fagg, kuma akwai kawunan yumɓu na al'adar Nok waɗanda masu haƙar kuza suka tono. Abin da ido ya gani ba ya buƙatar hadda.

Malam, ni ban yi boko ba. Ta yaya zan taimaki yarana da aikin gida?

Hajiya, kina da abin da ya fi boko amfani a nan: kunne da lokaci. Ki ce yaro ya gaya miki da Hausa abin da aka koya masa yau. In ya iya mayar miki da shi har kika gane, ya iya. In ya kama inda-inda, kin gano inda gizo ke saƙar, gobe ya tambayi malaminsa. Ki riƙa buɗe littafin rubutunsa ko ba ki karanta Turanci: jan biro ba ya buƙatar tafinta, shafin da babu komai ma haka. A ɓangaren adabin baka kuwa, tatsuniya, kacici-kacici, waƙoƙin daka da na reno, al'adun aure da suna, ke ce littafin. Mu malamai daga wajenku muka kwaso.

Roƙo ɗaya gare ki da Alhaji: in lokacin karatu ya yi, a ɗaga wa 'yan mata ƙafa da aike da wanke-wanke. Na ga yarinya mai ƙwaƙwalwa tana gyangyaɗi a aji, ba don lalaci ba, sai don ita ce ta ƙarshen kwanciya a gidan.

Ga boko, ga Islamiyya, ga rashin wuta. Yaushe za a yi aikin?

Minti arba'in kullum ya fi sa'a biyar ranar Lahadi da dare. Wasu bayan Magariba ya fi musu, wasu bayan Asuba, kodayake a watan Disamba da Janairu fitar da yaron Jos daga bargo da asuba sai an yi da gaske. A fara da darasi mai wuya tun kai na sanyi. Fitila mai cajin rana guda ɗaya a gida ta wadatar wa yara uku in sun zauna tabarma ɗaya.

Malaminmu ya soke amsata, kuma na tabbata daidai ce. Me zan yi?

Kada ka yi masa gardama a gaban aji. Bari a tashi, ka same shi da littafin a buɗe, ka ce, "Malam, a taimaka a duba mini nan, ban gane inda na kuskure ba." Malami mai takarda ɗari da hamsin a gabansa yana iya kuskure, ni ma na sha yi. A adabi ma sau da yawa amsa biyu kan zama daidai in kowace ta zo da hujjarta. In ya nuna maka kuskurenka ne, ka samu darasi kyauta.

Aikin gida yana da alaƙa da WAEC da JAMB kuwa?

Yana da ita. Yawancin malaman aji biyar da shida daga tambayoyin shekarun baya suke ɗebo jinga. A WAEC da NECO, daga A1 zuwa C6 shi ne kiredit, kuma jami'o'i na neman biyar, ciki har da Turanci da Lissafi a yawancin kwasa-kwasai. JAMB darussa huɗu ce a kwamfuta, tambaya 180 cikin sa'a biyu, jimlar maki 400. Wato kowace tambaya daƙiƙa 40 ke gare ta. Wanda bai saba zama shi kaɗai da tambaya ba, agogon nan zai ba shi mamaki.

In zan zo zaure, me zan taho da shi?

Tambayar kamar yadda malaminka ya rubuta ta, ba yadda ka tuna ba. Littafin da aka ɗauko ta daga ciki, ko na aro ne. Da abin da ka gwada da kanka, ko layi uku ne, ko duk kuskure ne, don daga nan nake gane inda zan fara. Lokacin hunturu ka haɗo da rigar sanyi, ƙofar zauren ba ta rufuwa sosai.